Katangar Al Ras da Soron Kakanninmu

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi Deira a Dubai ya san Al Ras, can bakin ruwa, kusa da kasuwar kayan yaji da ta zinare. Yawancinmu kaya muke zuwa saye, ba ma ɗaga kai. Wata rana da azahar zafi ya koro ni lungun tsohuwar makarantar Al Ahmadiya, wadda attajirin lu'ulu'u Ahmad bin Dalmuk ya assasa a 1912. Na dafa ƙarfen wani amalanke, na janye hannu ba shiri. Na dafa katangar makarantar, sai ɗumi kawai. Rana ɗaya ce ta dake su.

Nan take soron kakana a Kano ya faɗo mini a rai.

A cikin ƙarfe ko bango, zafi ba ya tsallake. Bi yake daga ƙwaya zuwa ƙwaya, daga gefe mai zafi zuwa mai sanyi, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu zuwa hannu. Ƙarfe mai saurin miƙawa ne, ya ninka ƙasa sau gommai, shi ya sa yake juye wa tafin hannu zafinsa gaba ɗaya. Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da allo ba: da muciya ake tuƙa tuwo, ludayin ƙarfe kuwa aka manta shi a tukunya sai an nemi tsumma.

Mutanen Al Ras da dutsen murjani suka yi gini, wanda suke cirowa daga teku. Cike yake da ƙananan ramuka, iskar da ke maƙale a ciki kuwa raguwa ce wajen miƙa zafi. Mu kuma tubali muka samu, muka ba bango kauri, muka jera azara, muka ɗora ƙasa. Ranar da ta daki bango da hantsi, zafinta ba ya ƙarasowa ɗaki sai dare, lokacin an riga an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Je ka Gidan Makama na Kano a watan Afrilu, jikinka zai shaida.

Yau mun rufa kwano a kan siririn bulo, muna sauraren a kawo wuta mu kunna fanka. Ban ga laifin kowa ba, yaɓe duk shekara kafin damina wahala ce. Abin da ke yi mini ciwo shi ne, da na ba jikana labarin baccin rana a soro cikin bazara, sai ya tambaye ni wace irin na'ura aka sa a ciki.