Lambar Yaƙi Ba Suna: Wa Zai Nemo Mana 'Yan Bama?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin abin da na tsinta a cikin adakar kakata, domin ina kyautata zaton akwai irinsa a gidajen da yawa daga cikinku, yana can ƙarƙashin gado gara na cinsa.

Bara da rani, bayan sadakar arba'in ɗin kakata, aka buɗe adakarta don rabon gado. Can ƙasan tsofaffin zannuwa sai ga wani ƙunshi ɗaure da zare. Da aka kwance shi sai ga lambobin yaƙi uku: biyu taurari ne na tagulla masu tsini shida-shida, ɗaya kuwa fara ce kamar dala, da kan Sarkin Ingila Joji na shida a jikinta. Tare da su akwai wani ɗan ƙyalle rawaya da hoton baƙin gizo-gizo, da kuma littafin sallama daga aikin soja, wanda gara ta cinye rabinsa. Kayan kakana ne, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Na juya lambobin nan gaba da baya, ban ga sunansa ba ko a jikin ɗaya, domin haka Ingila ta raba irin waɗannan lambobi na Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta buga sunan kowa a kansu ba.

Nan take na tuna yadda tsohuwar takan tsokane ni in na je gaishe ta. Sai ta ce, "Mai gidana, zo ka zauna in ba ka labarin wanda ka gada, ranar da ya dawo daga Bama." Ni kuwa sai in ce, "Iya, bari sai hutu mai zuwa." Ashe hutun da nake jira ba zai same ta ba. Abin da na riƙe daga bakinta bai wuce biyu ba: ta ce daga sama ake jefo musu abinci, kuma har ya mutu ba ya son jin ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Sai na ɗaura niyyar bin sawunsa. Abin da ya fara buɗe mini hanya shi ne ƙyallen nan. Baman da ake nufi ba ta Borno ba ce, ƙasa ce gabas da Indiya wadda yau ake kira Myanmar. A shekarar 1943 Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu daga sojojin Nijeriya, da Gwalkwas (Gana ta yau), da Saliyo, da Gambiya, don su yaƙi Japan a can, wato Runduna ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 ita ce baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizon namu ke nan, mijin Ƙoƙi. Alamar ta 82 kuwa māsu biyu ne gicciye a kan gammo, saboda dubban sojojin da aikinsu shi ne ɗaukar harsashi da abinci a ka, cikin kurmin da mota ba ta shiga. Kimanin mutanen Afirka ta Yamma 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Ta 81 ta yi gumurzu a kwarin kogin Kaladan a 1944, jiragen sama na jefo mata guzuri, kamar dai yadda Iya ta faɗa. Aka kuma cire bataliya uku na Nijeriya daga cikinta, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da mayaƙan Chindit na Janar Wingate, masu shiga bayan abokan gaba. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama garin Myohaung.

To, a ina nawa kakan yake cikin wannan taro? Shafin da aka rubuta bataliyarsa shi ne gara ta fara ci. Abin da ya tsira sai lambarsa ta soja, mai farawa da haruffan NA, da shekarar sallama, 1946. Da wannan lamba na buga ƙofofi uku.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda ta sa sunayen mamatan yaƙin a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangun, akwai ginshiƙan dutse ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, a cikinsu har da namu. Amma kakana ya dawo da ransa, saboda haka ba ya ciki. Ƙofa ta biyu ita ce Gazet ɗin Landan, inda ake buga sunan duk wanda aka ba lambar jarumtaka, bayanin abin da ya yi kuma yana ajiye a gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew. Nan ne ake samun irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda aka ba muƙamin kyaftin na girmamawa da ya bar aiki a 1953, aka kuma sa wa barikin Lokoja sunansa. Lambobin kakana kuwa na halarta ne, irin waɗanda ake ba duk wanda ya je fagen, saboda haka nan ma ba ya ciki. Ƙofa ta uku ita ce littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya auku kullum, su ma suna Kew. Waɗannan sukan ambaci hafsa Bature da sunansa, amma in an zo kan baƙin soja, galibi sai a ce mutum kaza sun mutu, mutum kaza sun yi rauni.

Na kuma gwada ƙofar gida. Na je wani ofishi da aka ce mini ana ajiye tsofaffin fayil-fayil, na yi zarya sau uku. Ran nan mai makulli ya tafi salla, ran nan ya tafi ta'aziyya, rana ta uku aka ce in rubuto takarda. Na rubuta, har yau shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Ga darasin da na koya, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Wanda ya mutu a fagen fama yana da dutse mai sunansa. Wanda ya yi fice yana da Gazet. Amma wanda ya je, ya sha wuya, ya dawo ƙauyensu ya ɗauki fartanya, wanda kuwa su ne mafi yawa, ba shi da mai riƙe da labarinsa sai mu jikokinsa. Ko sunan ma da aka rubuta masa ba lalle ne ya zama wanda gida suka sani ba, domin akawun ɗaukar kurata yakan haɗa sunan mutum da na garinsu ne kawai, sai ka ga Audu Kano ko Garba Sakkwato sun yi goma a bataliya ɗaya. In babu lambar soja, neman mutum cikin waɗannan takardu neman allura ne cikin ruwa. Lambar kuwa tana cikin littafin nan da muka bar wa gara.

Na san abin da waɗansu abokaina za su ce, domin sun faɗa mini a ɗakin kwananmu. Suka ce, "Kai malam, yaƙin Turawa ne, mutanen nan karnukan farautar 'yan mulkin mallaka ne, me za mu yi alfahari da shi?" Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, ba na musu. Ba mu muka haɗa faɗan ba, ba kuma don 'yancinmu aka yi shi ba. Waɗansu sun shiga soja ne don albashi da kaki, waɗansu kuwa dagaci ne ya miƙa sunansu don ya cika adadin da aka ɗora masa, a zamanin da ake ɗibar talakawa tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Amma ai wannan hujja ce ta a bincika, ba ta a binne ba. Neman tarihin kakanka ba yabon Ingila ba ne. Ta yaya za ka san abin da aka ƙwace maka in ba ka buɗe littafin lissafi ba? Mu tuna kuma cewa a ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji ne suka yi maci a Ankara suna neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuwa ta gaggauta 'yancin Gana a 1957. Mutanen da suka ga Bature yana gudu yana neman mafaka kamar kowa ba su dawo da tsoronsa irin na da ba.

Abin mamaki, ƙasarmu ta riƙe sunayen wurare ta saki na mutane. Barikin Dodan a Ikko, inda aka mulki ƙasar nan har zuwa 1991, da na Myohaung a Yaba, da Arakan a Apapa, da Letmauk a Badun, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Bama suka samo sunayensu. Ɗalibai nawa ne ke wucewa ta ƙofar barikin Zariya ba su san cewa wataƙila kakansu na cikin masu sunan ba? Kowace ranar 15 ga Janairu manya sukan ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, a saki tantabaru, a watse. Furen ya bushe, ba a ƙara suna ko ɗaya a littafi ba.

Saboda haka ga shawarata, ba kuwa mai tsada ba ce. Da fari, duk wanda ya je gida hutun nan ya tambaya ko akwai wanda ya je Bama, ko Habasha, inda birged ɗin Nijeriya ya ratsa ta Mogadishu har Harar a 1941. In akwai, a buɗe adaka, a ɗauki hoton kowane shafi da wayar hannu, a rubuta lambar soja a wuri uku. Na biyu, a zauna da gwaggo da baffa da duk tsohuwar da ta rage, a naɗi muryarsu, ko da abin da suka riƙe bai wuce waƙar fareti ko sunan wani aboki ba. Sojojin da kansu duk wanda ya rage ya kai shekara ɗari ko ya yi kusa, 'ya'yansu ma sun manyanta. Na uku, Ƙungiyar Ɗalibai ta haɗa kai da Sashen Tarihi a buɗe rajista guda, mai suna da lamba da gari da bataliya, a kai kwafinta Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Masu neman abin rubuta kundin digiri kuma su duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, domin ta bi labarin yaƙin da Hausa tun daga farkonsa. Na huɗu, ku 'yan'uwanmu da kuka kama aikin gwamnati, ku ne masu makullin gobe. In wani ya zo neman fayil ɗin kakansa, kada ku ce masa ya dawo jibi. Ku kuma hana a jibge tsofaffin takardu a sito mai yoyo, don abin da ruwa ya jiƙa ba ya dawowa.

Ni dai har yanzu ina nema. Na sa lambobin a cikin gwangwani mai murfi, na naɗe abin da ya rage na littafin a leda, na kuma ji labarin wani tsoho a ƙauyen da ke gaba da namu wanda mahaifinsa ya tafi tare da kakana a mota ɗaya. Ran Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, can zan wuni, ba zan jira wani hutu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Kaladan da waɗanda suka dawo suka kwanta a gida, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Haza wasalam.