Kuɗin Asusu da Motar Ƙugiya: A Saya ko a Yi Haya?

Kowace damina iska kan kwantar da tsofaffin bedi bisa katanga ko ta tare hanya da su, kuma masu injin yankan itace na samun aiki. To, in ɗanki ko maigidanki mai wannan sana'a ya ce ki ciwo mashi bashin asusu zai sayi mota mai ƙugiyar ɗaga gungume, me za ki ce mashi?

Mu fara da lissafi. A ce mu 30 ne, kowace na zuba dala 100 duk mako. Jika 15 ke nan a mako, jika 780 a shekara. Motar ƙugiya, ko tsohuwa ce, kuɗinta miliyoyi ne. Ga gazuwal, ga direba, ga bakanike. Kayan gyara kuwa sai Maraɗi ko a tsallaka Jibiya zuwa Katsina ko Kano, kuma ba mu manta yadda rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya tsayar da komai nan Ɗan Issa ba. Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinsa shi ne bashi ƙarami mai dawowa da wuri. Ranar rabo kowace na jiran nata, mota kuwa ba ta rabuwa gida 30.

Sai ki tambaye shi: kwana nawa a shekara ne aikin ke bukatar ƙugiya? Yawancin itacen da ke faɗuwa cikin gari ana iya datsa shi guntu-guntu, a ɗauke da amalanke. Ranar da aka samu babban aiki, a nemo motar haya, a sa kuɗin hayar cikin jingar da mai aikin zai biya.

Akwai kuma doka. Dokar gandun daji ta 2004 ba ta bar kowa ya sari ɗanyen itace yadda ya ga dama ba, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Gawo na cikin itatuwan da aka kare, don ganyensa taki ne ga hatsi, 'ya'yansa abincin bisashe. Wanda bashi mai nauyi ya matsa wa lamba, shi ke shiga gona da dare ya sari gawo. In an kama, tara da kayan aiki duk sun tafi, kuɗinmu na ciki.

Shawarata ita ce, in ƙungiya ta yarda, a ba da na injin yanka, igiya mai ƙarfi, tsani, hular kwano da amalanke. Bashin ya zama da sunan ke 'yar ƙungiya, a rubuta wa'adi gaban kowa, a ga takardar izini kafin a buɗe akwati. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya sa albarka cikin zubinmu. Sai fitowa ta gaba.