Kada A Soke Sunan Wanda Ya Yi Jinya

In na je hutu gida Hayin Banki, nakan ga soja da asuba suna gudu wajen Kawo, kowa ya jiƙe sharkaf. Duk ran da na gan su sai in tuna da wani ɗan ajinmu wanda zazzaɓin taifot ya kwantar wata biyu bara. Ko da ya komo ya tarar an soke sunansa daga cikin masu tsere, aka ba shi tuta ya riƙa kaɗawa a bakin fili. Ni a ganina ba a kyauta ba, ga kuwa dalilina.

An yi wani sojan Amurka, baƙar fata, sunansa Willie Davenport, haifaffen Alabama cikin 1943. Tseren tsallake shinge shi ne gwanintarsa, watau mita 110, shinge goma a jere, tsayin kowanne ƙafa uku da rabi. Yana ƙaramin soja ya tafi wasan Olimfik na Tokyo cikin 1964, bai ko kai tseren ƙarshe ba. Cikin 1968 a birnin Meziko ya zo na ɗaya.

To, cikin 1975 sai ya ji mugun rauni a gwiwa, har likitoci suka yi masa aiki. Mai tsallake shinge kuwa gwiwa ce jarinsa. Da a nan yake, da tuni an miƙa masa tuta. Amma ƙa'idar Amurkawa ita ce a yi gwaji, ukun farko su tafi, ba a tambayar wanda ya kwanta bara. Ya shiga gwajin ya haye, ya je Montreal cikin 1976 yana da shekara 33, ya zo na uku. Daga baya ya kai muƙamin kanar, ya rasu cikin 2002.

Na san malamanmu tsoro suke ji kada yaro ya faɗi a fili. Da gaskiyarsu, taifot ba ta barin mutum da ƙarfi. Amma wannan hukuncin likita ne, ba na alƙalami ba. Roƙona a bar sunan mai jinya har zango guda, in likita ya yarda ya fara da tafiya, sa'an nan sassarfa, sa'an nan gajeren shinge, kana a gwada shi tare da kowa. Mu ma gobe malamai ne, a garuruwan da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara kowace damina.

Ɗan ajin namu yanzu shi kaɗai yake zagaya fili bayan la'asar, ba mai riƙe masa agogo.