A Rage Kaya, Kada A Fasa Jirgi

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, akwai wata magana da ta cika bakin masu gyaran kwamfuta, ni kuwa ban yarda da ita ba. Wai duk kwamfutar da ta tsufa ta fara jan ƙafa, ba ta da magani sai a sayi sabuwa. Da wane kuɗi? Ɗalibin Yauri ko Ngaski ko Shanga, wanda da kuɗin kifi da albasa aka saya masa 'yar gwanjo, shi za a faɗa wa haka? Haba!

Ga asalin matsalar. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, da ma'aji gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin injuna da yawa ba su da shi. Ashe ba injin ne ya mutu ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da shi ce ta yi masa nauyi.

Ku tambayi kowane matuƙi a bakin tafkin Kainji. In kaya sun fi ƙarfin kwale-kwale, ai kaya ake ragewa, ba a fasa jirgi.

To, manhaja marar nauyi tana nan, kuma kyauta ce. Sunanta Linux. Wani ɗalibi irinmu, Linus Torvalds, shi ya fara ta a Jami'ar Helsinki cikin 1991. Tana da iri-iri. Mai inji mai ɗan ƙarfi ya ɗauki Linux Mint Xfce. Mai gigabait 2 ya gwada Lubuntu. Wanda nasa ya tsufa tukuf ya nemi antiX. Ana iya gwada kowacce daga filasha kafin a girka, amma a fara kwashe takardu a adana.

Na san wasu za su ce, "Ina Word?" Akwai LibreOffice, tana buɗe takardun Word, tana kuma fitar da PDF. Wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, wannan gaskiya ne. Amma wanne ya fi, wannan ko Windows ta sata da ake girka mana a kasuwa, wadda ba mu san abin da aka cusa a cikinta ba?

Don haka ina roƙon malamanmu su riƙa karɓar aikin ɗalibi a PDF. Ilimi kuke dubawa, ba tambarin kamfani ba. Ku kuma 'yan'uwa, da tsohuwar zuma ake magani. Kada wanda ya jefar da jirginsa don wani a Amurka ya ce ya tsufa.

Allah ya sa mu gane, amin.