A Killace Waƙoƙin Narambaɗa

Ya Edita,

Ka ba ni dama in ja hankalin hukumomin Zamfara kan haƙƙin marigayi Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu. Har yau jami'o'i suna nazarin waƙarsa Bakandamiya saboda zurfin Hausa da azanci, amma yawancin yaran Shinkafi, Zurmi da Ƙaura sunansa kaɗai suka sani. Dattawan da ke iya warware kalmominsa da tarihin mutanen da ya ambata suna ƙarewa. Ya kamata a tattara faya-fayansa, a rubuta baitocin da sharhi, a ajiye a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, tare da na makaɗi Kassu Zurmi.

Wasu za su ce kiɗan fada roƙo ne kawai. To amma cikin yabon nan akwai salsalar sarakuna da gargaɗi kan adalci. Wasu kuma za su ce tsaro ne a gaba. Gaskiya ne, sai dai rashin tsaron ne ke warwatsa ƙauyukan da ke riƙe da wannan ilimi, don haka jinkiri asara ne. Allah ya jiƙan Narambaɗa.

Naka,
Mai karatu daga Shinkafi