Tambur Ko Kan Sarki: A Fara Karantawa Kafin A Tambayi Farashi

Abu ɗaya ne, amma suna biyu gare shi a ƙasar Hausa. Mutumin Kano yana kiransa kan sarki, domin tun daga 1900, lokacin da aka fara buga na Arewacin Nijeriya, kan mai mulkin Ingila ne a jikinsa. Mutumin Filinge kuwa tambur yake cewa, kalmar da aka aro daga Faransanci. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna cewa tsohon tambur ya shafi ɗalibin harshe fiye da yadda ake zato. Sabon mai tarawa yakan fara da tambayar nawa zai yi a kasuwa, alhali abin da ya kamata ya fara koya shi ne karanta rubutun da ke jikinsa.

Rubutun shi ke bayyana zamanin tambur. A 1921 aka ɗauki tamburan Haut-Sénégal et Niger masu hoton mahayin raƙumi, aka ƙara buga TERRITOIRE DU NIGER a kansu. Wanda bai lura da wannan ƙarin bugu ba zai haɗa iri biyu wuri guda, domin hoton bai canja ba. A 1926, shekarar da aka mayar da babban birni daga Zinder zuwa Yamai, aka fitar da jerin da ke ɗauke da sunan Nijar, da hoton masu jan ruwa a rijiya, da kwalekwale a kogin Kwara, da barikin Zinder. A 1941 gwamnatin Vichy ta haɗa hoton barikin da fuskar Pétain. Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka koma amfani da tambur na bai-ɗaya na Afirka ta Yamma ta Faransa, har zuwa 1959 da aka ga RÉPUBLIQUE DU NIGER, kafin samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Sai bayan an tantance rubutu ake duba sauran alamomi, wato launi, da adadin kuɗi, da yawan haƙoran gefe, waɗanda ake ƙirgawa a tsawon santimita 2.

Akwai wata al'ada ta sabon shiga da ya kamata a guje mata, wato jiƙa ambulan a ruwa domin a ɓamɓare tambur. A zamanin tamburan bai-ɗaya, abin da aka liƙa a Dakar shi aka liƙa a Filinge. Hatimin gidan waya ne kawai ke shaida cewa wasiƙar daga Kurfai ta fito, da ranar da ta fito, kuma galibi rabin hatimin a kan ambulan yake. Wanda ya raba su ya zubar da shaida ya riƙe hoto.

Ga mai nazarin harshe asarar ta fi haka yawa. Hatimi yana rubuta Filingué da ƙa'idar Faransanci, inda gu ke wakiltar sautin g, kamar yadda ou ke wakiltar u a Kourfey. Mutanen yankin kuwa, kamar sauran masu karin harshen yamma, sukan furta h ko hw a gurbin f, shi ya sa masana ke kiran karinsu Kurhwayanci. Adireshin da aka rubuta da hannu yana iya nuna yadda malamin wasiƙa ya ji sunan mutum ko na ƙauye a Dallol Boso, ko da boko ko da ajami. Karin harshen da rubutattun bayanansa ba su da yawa ba ya iya yin asarar irin wannan takarda.

Wani zai ce tara tambur sha'awar Turawa ce, kuma rubutun duk na mai mulkin mallaka ne. Gaskiya ne Faransanci ya mamaye fuskar tambur kafin ƴancin kai da bayansa. Sai dai wannan ma bayani ne a kan siyasar harshe, domin yana nuna harshen da hukuma ta zaɓa ta gabatar da kanta ga duniya. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki, to dole a san inda aka fito kafin a auna ko sauyin ya kai ga takardun hukuma.

Saboda haka akwai aiki biyu a gaban sashen nazarin harshe. Na farko, ɗaliban da ke zuwa Kurfai tattara bayanai su riƙa neman izinin iyalai su ɗauki hoton tsofaffin ambulan gaba da baya, su bar wa masu abu abinsu, su kuma sakaya abin da ke na sirri. Na biyu, a zauna a daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, irin su haƙora, da ƙarin bugu, da hatimi, ta yadda mai cewa tambur da mai cewa kan sarki za su fahimci juna. Gara da damina ba sa jiran kowa, kuma takardar da ta shekara 80 a cikin akwatin ƙarfe ba ta da sauran ƙarfi mai yawa.