Kada Mu Ƙone Littafin Yaro

'Yan'uwana cikin Ubangiji, wani abu ya faru a gidanmu wanda ya hana ni barci. Na ga ya kamata in kawo shi gabanku, gama na tabbata ba a gidanmu kaɗai yake faruwa ba.

Ƙanwata tana da ɗa wanda aka haifa a Kolofata, kusa da iyakar Kamaru da Nijeriya. Yana ƙarami sa'ad da 'yan Boko Haram suka fāɗa wa garin a watan Yuli na 2014, suka kuma sāke dawowa a watan Janairu na 2015. Iyayensa suka ɗauke shi suka bi ta Mora da Marwa, har suka sami wurin zama a Garwa. Yaron ya tashi ba mai yawan magana ba. Ashe shekara biyu ke nan yana cika wani littafin rubutu da wata ƙasa wadda shi ya ƙaga. Ya zana taswirarta, da duwatsu bakwai da kogi ɗaya. Ya rubuta labarin yadda mutanenta suka fito daga cikin kogo. Ya ba su harshe mai kalmomi wajen ɗari uku, da haruffansa. A ƙasar akwai masu kiran ruwan sama da sarewa, amma duk wanda ya busa sarewar sau ɗaya, shekara ɗaya ta ragu daga kwanakinsa.

Wani malamin makarantar Lahadi ya ga littafin. Ya ga baƙin haruffa, ya ga zancen kiran ruwa, sai ya kai wa wani dattijo. Aka tara yara a bayan majami'a, aka karanta Ayyukan Manzanni sura 19, aka cinna wa littafin wuta. Yaron bai yi kuka ba, amma tun daga ranar bai sāke zuwa sujada da son ransa ba.

Ina girmama malamin nan da dattijon nan, na kuma san da kyakkyawar niyya suka yi. Duk da haka ina cewa sun yi kuskure, kuskure babba. Bari mu ɗauki hujjojinsu ɗaya ɗaya.

Hujja ta fari ita ce, wai ƙagen labari ƙarya ne, Kirista kuwa ba ya ƙarya. To, mece ce ƙarya? Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba domin mai ji ya ɗauka haka ne. Kakanninmu da suke yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, wa suka ruɗa? Ko yaro ɗan shekara biyar ya san Gizo bai taɓa zuwa fadar sarki ba. Mu duba Littafi Mai Tsarki kansa. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya hau Dutsen Gerizim ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka tashi neman sarki. Zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, sai ƙaya ta karɓa. Itatuwa suna magana? Ba su yi. Amma da wannan labari ya faɗa wa mutanen gaskiya game da Abimelek, gaskiyar da ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa. Annabi Natan ma da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya kama Sarki Dawuda. In ƙagen labari zunubi ne, me za mu ce da misalan Ubangijinmu Yesu?

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba zan kuwa raina ta ba. Suna cewa a ƙasarmu sihiri ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne. Muna da 'yan'uwa da suke zuwa sujada ran Lahadi, ran Litinin kuma suna wurin boka. Muna da masu ɗaura guru a ƙarƙashin rigar ɗaurin aure. A Rumsiki baƙi suna biyan kuɗi domin ƙaguwa ta duba musu abin da ke gaba. Dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ma, a sashe na 251, ta tanadi ɗaurin shekara biyu zuwa goma ga mai aikata maita. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana duba da tsafi da tuntuɓar matattu, ba mai gardama a kan wannan. Amma mu lura da abin da aka hana. Aikatawa aka hana. Littattafan da aka ƙone a Afisa, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin, kayan aikin masu sihiri ne, da su suke cin abinci, masu su ne kuma suka kawo su da hannunsu bayan sun tuba. Littafin ɗan ƙanwata fa? Wa zai karanta shi ya kira ruwa? Shi kansa yaron ya san sarewar ba ta wanzu, gama shi ya ƙaga ta da biro a kan tabarma. Ku dubi kuma dokar da ya sa mata: duk mai neman iko sai ya biya da ransa. Na sha jin wa'azi a kan boka wanda bai kai wannan kaifi ba.

Hujja ta uku ita ce, wai wanda ya ƙaga ƙasa da asalinta da abin da mutanenta suke bauta wa, ya sa kansa a matsayin Mahalicci, ko kuwa ya sassaƙa gunki. Ishaya sura 44 ta yi wa mai sassaƙa ba'a, mutumin da ya dafa abinci da rabin itace, sauran rabin kuma ya yi gunki da shi. Ina laifinsa yake? A wurin da ya durƙusa ya ce wa itacen ya cece shi. Ba a taɓa hukunta masassaƙi domin ya yi turmi ko kujera ba. Allah ya yi mu cikin kamanninsa, shi kuwa Mai yin abubuwa ne. Aikin fari da ya ba Adamu da baki shi ne raɗa wa dabbobi suna. Yaron da ya zauna yana raɗa wa duwatsun ƙasarsa suna, gadon kakansa Adamu yake taɓawa.

Ga wanda yake tsammani wannan sabon abu ne da talabijin da intanet suka kawo, sai ya duba tarihi. A ƙarni na 12, a Jamus, wata shugabar mata masu zaman ibada, Hildegard ta Bingen, ta ƙaga harshe mai kalmomi wajen dubu da haruffa 23. John Bunyan, mai wa'azin da aka ɗaure a kurkukun Bedford a Ingila, ya fitar da littafinsa The Pilgrim's Progress a 1678, cike da ƙattai da dodanni da biranen da ba su cikin taswirar kowa, Kirista a ƙasashe da yawa kuwa sun ƙarfafa bangaskiyarsu da shi. J. R. R. Tolkien, ɗan Katolika mai riƙon addini, ya ga yaƙin Somme da idonsa a 1916, abokansa na kusa suka mutu a yaƙin. Ya yi shekaru yana gina harsuna biyu, Quenya da Sindarin, sa'an nan ya gina duniyar da za a yi magana da su, wadda ta fito a The Hobbit a 1937 da The Lord of the Rings a 1954 da 1955. Wannan mutum ne kuma ya sa hannu a fassarar Littafin Yunusa cikin Jerusalem Bible na 1966. Hirar da ya yi da abokinsa C. S. Lewis a 1931 tana cikin abubuwan da suka kai Lewis ga gaskata Almasihu, Lewis kuma ya rubuta littattafan Narnia guda bakwai tsakanin 1950 da 1956. Da an ƙone littafin rubutun Tolkien yana yaro, wa ya yi hasara?

Ba ma sai mun ƙetare teku ba. A nan Kamaru, Sarki Njoya na Bamum, a Fumban, ya ƙaga rubutu wajen 1896. Ya fara da alamu ɗaruruwa, ya yi ta ragewa har suka dawo 80 wajen 1910. Bai tsaya nan ba, wajen 1912 ya ƙaga wa fadarsa harshe na musamman da ake kira Shumom. Da rubutun nan aka rubuta tarihin mutanensa da ilimin magungunansu. Faransawa suka ga abin bai yi musu daɗi ba, suka danne makarantunsa, suka kai shi Yawunde inda ya rasu a 1933. Yau kuwa Kamaru tana alfahari da shi. A ƙasar Hausa, gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya kai jaruminsa har cikin aljannu. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro zuwa sararin sama. Da yawa daga cikinmu mun karanta waɗannan a makaranta, har da makarantun mishan, ban kuwa ji wanda ya zama boka saboda su ba. Wa a cikinmu bai yi zaurance yana yaro ba domin kada manya su gane? Wannan ma ƙaramin ƙagen harshe ne. A 2016 kuma wasu samari a Yawunde, na kamfanin Kiro'o Games, suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Aurion, da duniyarsa da sarakunansa, aka sayar da shi a ƙasashen waje. Ko mun so ko mun ƙi, 'ya'yanmu za su shiga irin waɗannan duniyoyi. Tambayar da ta rage ita ce, wa zai gina su, da wace irin zuciya kuma?

Ba na cewa kowane littafi ko fim mai sihiri yana da kyau. Akwai marasa kyau, kamar yadda akwai waƙa marar kyau, ba mu kuwa rufe ƙungiyar mawaƙa saboda haka ba. Ga ma'auni uku da iyaye za su iya riƙewa. Na ɗaya, labarin yana koya wa mai karatu wani abin da zai yi da hannunsa a wannan duniya, kamar yanka ko kiran iska ko ɗaura laya? In haka ne, a raba yaro da shi. Na biyu, bayan yaro ya gama karantawa, me ya ƙara ƙauna, jinƙai da riƙon amana, ko kuwa mugunta da ramuwa? Na uku, yana kawo abin a fili ya nuna, ko ɓoyewa yake yi? Wannan na ukun kuwa yawancinsa a hannunmu yake. Yaron da aka ƙone masa littafi sau ɗaya ba zai daina rubutu ba, nuna mana kawai zai daina.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai. Wannan yaro ya rasa garinsu. Gidan da aka haife shi bai san ko yana tsaye ba. Ya zauna ya gina wata ƙasa a takarda, inda ba wanda zai zo da dare a kan babur ya kore shi. Mu mutanen Mayo-Sava mun san su wane ne suke ƙone littattafan yara da makarantunsu. Ya kamata hannun mai bi ya yi rawa kafin ya kai ashana ga takardar yaro, ko da wace niyya ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da malamin ya zauna da yaron ya ce, "Ɗana, karanta mini, wa ya halicci mutanen nan naka? In sun yi laifi, wa yake gafarta musu?" da ya sami darasin Lahadi wanda ya fi na littafin koyarwa.

Ku kuma matasa masu wannan baiwa, ina da magana da ku. Na ga rubuce-rubucen waɗansunku cike da dusar ƙanƙara da sarakuna masu jan gashi, alhali ba ku taɓa wuce Ngaundere ba. Don me? Duwatsun Mandara suna gabanku da gonakinsu na hawa hawa. Labaran ƙattan Sao suna nan a bakin Kotoko a gefen Tafkin Cadi. Kogin Binuwai yana wucewa ta Garwa da dorinarsa. Ƙasarku tana da harsuna fiye da ɗari biyu. Mai son ƙaga harshe, ya fara zama wurin kakarsa ya koyi yadda Mandara ko Mafa ko Kanuri suke gina magana, gama wanda bai san ginin harshensa ba, kwaikwayon Faransanci kawai zai yi da baƙin sauti. Har yanzu akwai harsuna a duwatsun nan da ba su sami Littafi Mai Tsarki cikakke ba, masu irin kunnenku kuwa ake nema domin wannan aiki. Kada kuma labari ya hana ku karatu da gona da sujada.

Iyayena dattawan ikkilisiya, roƙona ke nan. Kafin a yanke wa littafin yaro hukunci, a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, a kira mai shi a saurare shi, a kira iyayensa. Ni dai na sayo wa ɗan ƙanwata sabon littafin rubutu mai shafi ɗari biyu a kasuwar Garwa, na ce masa in ya gama taswirar ya kawo mini in gani. Ya karɓa, bai ce kome ba, har yau kuma bai buɗe shi ba. Ku taya ni addu'a dominsa, da kuma domin malaminsa.